Rabon Kifaye

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan magariba

Yau kyaftin bai yi magana ba. Tun tashinmu daga tasha har muka dawo, ko tarinsa ban ji ba. Ya rubuto a akwatin saƙo wai makirfonsa ya lalace. Yosiya ke nan fa, mutumin da ko a lifta sai ya sami wanda zai ba labarin sanyin Jos, shi ne yau ya wuni yana ba da umarni da yatsa.

Matata Khadijatu ta ce in daina ɗaure fuska a kan wasan kwamfuta, ga furfura ta fara fito mini a gemu. Ban yi musu da ita ba, wasa ne. Mu huɗu muke tuƙa jirgin ƙarƙashin ruwa na zamanin yaƙin duniya na biyu, kowa daga ɗakinsa a nan birnin New York, duk Lahadi da zarar Yosiya ya dawo daga coci. Shi ne kyaftin, yana can unguwar St. George, tsallaken ruwa, sai an hau jirgin fito. Ishawu ɗan Kumasi, da ke zaune a Morris Heights, shi ke kan inji. Dikko ɗalibi ne, shi ke harbi, shi ke kuma damunmu da tarihi. Ni ne kunnen jirgi. Ina nan Parkchester da hedifon a kai, ina sauraren motsin jiragen da ke samanmu. Sunan jirginmu Dankali. Yosiya ya raɗa masa, wai ɗan Filato ba ya mance gida, kuma dankali in ka jefa shi a ruwa ƙasa yake yi.

Makirfo yakan lalace, na sani. Amma bai ba ni gahawa ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, da safe, a jirgin ƙasa

Bari in rubuta maganar gahawar nan ko zuciyata ta huta.

Ban da mu huɗu, Dankali cike yake da matuƙa na kwamfuta, kuma suna da ma'aunin ƙwarin gwiwa. In ya yi ƙasa sai su fara kasala, su ƙi jin umarni, wani ma ya fasa ihu a lokacin da ake son shiru. Abu uku ke ɗaga shi: gahawa, taba, giya. Shi ya sa in mun tare jirgin dakon kaya, kafin Dikko ya nutsar da shi sai mun kwashe abin da ke ciki. Dikko yakan ce a yaƙi buhun gahawa bai fi gangar mai arha ba, domin inji ba ya tawaye, mutum ne ke yi. Gahawa na hana masu gadi gyangyaɗi. Taba na kwantar da hankali bayan an sha ruwan bama-bamai. Giya kuwa ta fi su duka, akwati ɗaya sai ma'aunin ya cika.

Mu dai ba ma ajiye ta. Tun fitarmu ta farko, duk akwatin giyar da ya shigo Dankali, Yosiya zai ce, "A ba kifaye rabonsu," ya tura shi teku. Dikko da Ishawu sun ɗauka don mu ukun musulmi ne yake yi. Na bar su a haka.

Gahawar kuma tsakanina da shi ce. A wasan, wanda kyaftin ya ba gahawa kunnensa kan ƙara kaifi na ɗan lokaci. Yosiya ba ya taɓa nutsawa sai ɗan hoton kofi ya bayyana a gefen allona. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa komai, sauran ba sa gani. Shekara uku muna haka. Jiya mun nutsa sau uku, gefen allona wayam.

Laraba, 9 ga Oktoba, lokacin hutun rana

Na kira shi, ba a ɗauka ba. Can sai ga saƙo: "Ina lafiya. Aiki ne ya yi yawa." Yosiya ba ya rubuta saƙo. Murya yake turowa, doguwa, har da gaisuwar mutanen da ban sani ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Mun tare wani jirgi da ya fito daga tsibiran kudu. Ni na fara jin ƙarar injinsa, mai nauyi, alamar ya sha kaya. Da aka buɗe, ga gahawa buhu-buhu, ga taba, ga giyar rake akwati kan akwati.

Na jira. Ishawu ma na san yana jira. Babu kifaye, babu rabonsu. Akwatunan suka wuce rumbun jirgi ɗaya bayan ɗaya, ina kallo.

Dikko ya saki shewa. "Kai! Yaya Shitu, ka gani? Kyaftin ya waye! Tun yaushe nake cewa rashin morale, ƙwarin gwiwar matuƙan nan, shi ke kashe mu? Yanzu sai mu kai har bakin gaɓar can."

Na ce, "Dikko, ba a tambaye ka ba."

Ya ce, "Ai ba mu za mu sha ba, Yaya. Zane ne a kwamfuta."

Gaskiyarsa ne, zane ne. To me ya sa abin ya dame ni haka? Khadijatu ta ajiye mini tuwo har ya huce ban lura ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Akwai wata shekara da ni da Yosiya ba ma zancenta. Lokacin muna aiki asibiti ɗaya, ni ina ɗibar jini, shi yana tura marasa lafiya. Ban san yadda aka yi ya zama ni ba, amma ni na riƙa raka shi wani ɗaki a ƙasan wani coci duk Alhamis, inda masu son rabuwa da giya ke taruwa. Ya shiga, ni in zauna kan benci a waje da carbina, masu wucewa suna kallona. In ya fito mu sayi gahawa a shagon kusurwa, ya sha kofi biyu, hannunsa na rawa. Sannu a hankali hannun ya daina rawa. Wasan nan ma bayan haka ya samo mana shi, don Lahadi da rana ita ce ta fi yi masa wuya.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Ban ce komai ya faru ba.

Amma mutum yakan kashe makirfo in ba ya son a ji harshensa ya yi nauyi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Na kira gidan. Susana matarsa ta ɗauka.

"Baban Khairu, ina kwana? Yaya su Madam?"

Na ce lafiya, ina maigidan?

"Yana barci. Ya gaji sosai."

Da hantsi? Yosiya da ke tashi kafin ladan? Muryarta sumul, ta yi sumul fiye da kima. Ta tambayi makarantar 'yarmu Khairunnisa, ta tambayi ciwon bayan Khadijatu, ta yi ta tambaya har ba ta bar mini wurin da zan sa tawa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Na haɗu da Ishawu a bakin masallaci, na ja shi gefe. Ya ce, "Masa," haka 'yan Kumasi ke kiran aboki, "ka bar shi kawai. Kowa na da wahala nashi. In ya so magana zai yi." Yana faɗa yana kallon takalminsa. Me ya sani? Ko dai ya sani, an ce kada ya gaya mini? Dikko kuma tun ranar Lahadi yake turo taswira a rukuninmu, murna kamar an yi masa haihuwa. Har na fara tunanin ko shi ya lallaɓa kyaftin a bayan idona. Na san zargi ba kyau. Astagfirullah. Amma kowa na gani sai in ga kamar yana ɓoye hannu a aljihu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi

Yau mun kusa rasa Dankali.

Jirgin yaƙi ya gano mu, muka nutsa can ƙasa, ya yi ta zubo mana bama-bamai. Ma'aunin ya yi ja, matuƙa suka fara kuka. Sai kyaftin ya raba musu giya. Na runtse ido. Bai tsaya nan ba, ya bi su da taba, muna ƙarƙashin ruwa, ƙofa a rufe! Nan take iskar jirgi ta lalace. Ishawu ya daka tsawa, "Kyaftin, wane irin abu ke nan? Za ka kashe mu da hayaki!" Dole muka taso sama a gaban maƙiyi. Allah ne kawai ya sa hazo ya rufe mu.

Tun da na tashi daga kwamfutar nake juya abin. Ko a waccan shekarar, a mafi munin halinsa, Yosiya bai taɓa kuskuren aikin da hannunsa ya saba ba. Yana iya mance sunanka, ba zai mance birkin gadon mara lafiya ba. Dokar taba ita ce ta farko da ya koya mana: ba a kunna ta sai an ga sama. Wannan ba kuskuren wanda hankalinsa ya gushe ba ne. Kuskuren baƙo ne.

Babu gahawa yau ma.

Talata, 22 ga Oktoba, da rana

In ba shi ba ne, wane ne? In kuma ba shi ba ne, shi yana ina?

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Na wuce ta gaban cocin nan bayan aiki, ba don komai ba. Bencin yana nan. An yi masa sabon fenti.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ɗana tarko, kuma ban ji daɗin abin da na kama ba.

Mun kwashe wani ƙaramin jirgi, akwai 'yan akwatunan giya a ciki. Na gyara murya na ce, "Kyaftin, kifaye fa suna jiran rabonsu."

Na ga alamar ana rubutu, aka goge, aka sake. Sai ga shi: "Wane kifi kuma?"

Dikko ya fashe da dariya, wai kyaftin ya iya zolaya. Ishawu bai yi dariya ba. Ni kuwa nan take na gane. Wani ne zaune a kujerar abokina, sanye da hedifonsa, yana sauraren hirarmu mako huɗu. Mun yi zancen iyalanmu a gabansa. Ishawu ya yi zancen takardunsa na izinin zama a gabansa.

Laraba, 30 ga Oktoba, da safe

Khadijatu ta ce, "Baban Khairu, ka ishe ni da zagaye ɗaki. Jirgin fiton nan kyauta ne, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa mana."

Na ce in na je ranar aiki za a ce mini yana barci.

Ta ce, "To ka je ranar da ba za a iya ce maka haka ba."

Matar nan wani lokaci tana ba ni tsoro.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

Na gaya wa rukuni cewa yau ba zan samu ba, kwamfuta ta riƙe musu kunne. Na hau jirgin ƙasa mai lamba shida har kusa da ƙarshen Manhattan, na shiga jirgin fito. Iska ta yi sanyi, 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Ni ina tsaye ina kallon ruwa, ina shirya abin da zan faɗa wa ɓarawon kujera. Na shirya kalamai masu zafi, kuma duk a ruwan na bar su.

Na isa daidai lokacin wasa. Na ƙwanƙwasa, aka daɗe ba a buɗe ba. Da ƙofar ta buɗe, Susana ce, da kayan cocinta ba ta ko cire ba, hedifon ɗin Yosiya rataye a wuyanta. Daga cikinsa muryar Dikko na fitowa 'yar ƙarama, "Kyaftin? Kyaftin, mu harba ne?"

Muka tsaya muna kallon juna. Sai ta ce, "Ka shigo, Baban Khairu. Ka ga jirginku zai nutse."

Falon tsaf. Takalmansa na aiki suna jere a bakin ƙofa, ƙura ta hau su. Ta rubuta wa su Dikko su jira, ta zauna a bakin kujera.

Na ce, "Maman Hadassa, yana raye?"

"Yana raye."

"Yana ina?"

"Yana inda ake kula da shi. Shi da kansa ya ce a kai shi. Ba a barin waya a wurin. Ranar Asabar kaɗai nake ganinsa."

Ban tambayi me ya faru ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ce ranar da zai tafi, jakarsa na hannu, ya tsaya ya nuna mata yadda ake nutsawa da yadda ake tasowa. Wai in kujerar kyaftin ta zauna babu kowa za mu yi tambaya. Sauran ta koya ne da jin ihunsa shekara uku tana ninke wanki a bayansa.

Na ce, "Ishawu ya sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ya kai mu a motarsa. Ya ɗauka daga can yake wasa, bai san ni ce ke wasan ba sai ranar tabar nan."

"To ni fa?"

Ta ce, "Ya ce ko duk New York za su sani, ban da Shitu. Ya ce ba zai iya kallon idonka ba bayan bencin nan."

Wallahi da ta mare ni ya fi mini sauƙi. Na ji zafi, na ji haushi, kuma ban san wa zan ji wa haushin ba.

Don in sami abin yi da bakina sai na ce, "Kin san abin da ya tona ki? Giyar nan."

Ta ce, "Ai wasan ne da kansa ya rubuta in ba su. Abin ya yi ja, na ji tsoro kada in ɓata masa jirgi."

Na gaya mata rabon kifaye. Na ce tun fitarmu ta farko mijinta bai bar akwati ɗaya ya kwana a Dankali ba, ko da ma'aunin zai kai ƙasa, ko da Dikko zai yi kuka da hawaye. Ta ce ta sha jin yana faɗin haka, ta ɗauka wani abinci ake zuba wa kifi. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye, ta rufe fuska da gyalenta. Da ta natsu ta ce, "Ko a cikin wasa?"

Na ce, "Ko a cikin wasa."

Ta jawo kujera gaban kwamfutar. "Nuna mini wurin."

Na nuna mata. Ta tura su teku ɗaya bayan ɗaya, har na makon jiya da na wancan makon, ba ta bar ko ɗaya ba. Dikko yana ta kururuwa a wuyanta, "Haba kyaftin! Haba kyaftin! Me muka yi maka?"

Na koya mata dokar taba, na koya mata abubuwa da yawa. Gahawar ce kaɗai ban gaya mata ba. Har na buɗe baki na rufe. Wannan tawa ce da shi, in ta zo daga hannun wanda na koya wa, ba ta da amfani.

Talata, 5 ga Nuwamba, lokacin hutun rana

Ban da Shitu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Ishawu ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Na uku na ɗauka. Ya ce, "Masa, rantsuwa ya sa ni." Na ce na ji. Me zan ce? Da ni aka sa, da na riƙe. Abin da ke cina shi ne ba ni aka sa ba. Ni da na ga hannun nan yana rawa ban taɓa gaya wa ko Khadijatu ba, ni ne yanzu abin gudu. Ko zaman bencin nan da na ɗauka alheri ne, nauyi na ɗora masa? Ko kullum in ya gan ni waccan shekarar yake gani?

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Yanzu tana wurinsa. Za ta gaya masa na zo? Ina jin ba za ta faɗa ba. Ni ma da ni ne ita, ba zan faɗa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe shida

An ba kifaye rabonsu. An kunna taba a sama. Komai daidai, har Dikko ya ce, "Kyaftin ya dawo hayyacinsa, kaico." Ya tambaye ni yaushe za a gyara makirfon nan. Na ji bakina yana cewa na yi magana da kyaftin, an yi odar sabo, yana hanya. Ga ni nan ni ma na shiga layin masu kallon takalmi.

Mun nutsa sau biyu. Babu gahawa. Ashe ba ta faɗa ba, ko ta faɗa ya yi shiru. Ban san wanne ya fi ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da safe

Na ce wa Khadijatu ina ganin zan bar wasan nan, na girme shi. Ta ce to. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta san ƙarya nake.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan magariba

Mun fita da wuri. Teku ya yi kyau, ma'aunin yana tsaka-tsaki, Dikko yana ba Ishawu labarin yadda ake raba taba a jiragen da, Ishawu yana cewa "To, to," alamar ba ya ji. Can na jiyo ƙarar inji daga arewa, na sanar. Kyaftin ya rubuta a shirya nutsawa.

Sai ga ɗan kofi a gefen allona.

Na zuba masa ido. Na ce a raina kuskure ne, hannunta ne ya taɓa. Ko Ishawu ya taɓa lura ya gaya mata? Ina cikin lissafin wanda zan zarga sai saƙo ya shigo, ni kaɗai, ba a rukuni ba.

"Baban Khairu, na gaya masa ka zo. Sai ya tambaye ni ko ina ba ka gahawa. Na ce wace gahawa? Ya yi mini faɗa sosai a gaban mutane. Ya ce kada in sake nutsawa ban ba ka ba. Ya ce kuma ranar Asabar ana barin mutum biyu su shiga."

Dankali ya nutsa, ruwa ya rufe mu. Dikko ya yi ta tambaya, "Yaya Shitu, me kake ji a sama? Yaya Shitu?"

Jirage biyu ne, ina jin su sarai, ɗaya mai nauyi ɗaya ƙarami. Muryata ce ta ƙi fitowa, sai na rubuta masa da yatsa.